Magen Kefas da Ruwan Tsuntsaye

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ke gindin dutse, sunanta Afiniki, amma yaro da babba Iya suke ce mata. Mijinta ya daɗe da yin barci cikin Ubangiji. 'Ya'yanta biyu kuwa birni ya riƙe su, sai Kirsimeti ake ganin ƙeyarsu, wata shekarar ma Kirsimetin ta zo ta wuce ba su leƙo ba. Ita kaɗai ce a gidanta, sai kaji shida da wata tsohuwar tsamiya a tsakar gida.

Iya tana da wata al'ada. Idan bazara ta kama, rafi ya ƙafe, sai ta cika wani faffaɗan kasko da ruwa ta ajiye a gindin tsamiyar nan saboda tsuntsayen daji. Da ƙafarta take zuwa rijiya ta ɗebo ruwan, ga gwiwa tana ciwo, amma ba ta taɓa fashi ba. Da hantsi sai ka ga kurciyoyi sun sauko, da hazbiya, da 'yan tsada, suna sha suna wanka suna watsa wa juna ruwa. Ita kuwa ta kifa turmi ta zauna tana kallonsu, wani lokaci har ta yi musu faɗa idan babba ya ture ƙarami. Baƙin Ubangiji take kiransu. Gaskiyar magana, kaɗaici ne ke cin tsohuwar nan, tsuntsayen ne kuma suke rage mata shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na wani manomi mai suna Kefas. Uwarsa ƙawar Iya ce tun suna 'yan mata, shi ya sa tun da aka binne uwar ya mai da Iya uwa. Shi ke gyara mata jinka kafin damina. Idan ta kwanta ciwo, matarsa ce ke kawo kunu. Mutumin kirki ne Kefas, ba mai musu a kan wannan, sai dai idan ya kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi dutsen da ke bayan gari.

Wata shekara ɓeraye suka shiga rumbun Kefas suka yi masa mummunar ɓarna, ko irin da ya ajiye don shuka ba su bar masa ba. Abin ya yi masa zafi ƙwarai. Sai ya taka har wani gari ya samo wata baƙar mage mai farin wuya. Magen ta san aikinta, kafin wata biyu ba ka jin ko motsi a ƙarƙashin rumbu. Kefas ya ƙaunace ta, yana yabonta a duk inda ya zauna. Amma akwai wani ilimi da ya gada daga kakanninsa, wai mage in ta ƙoshi ba ta farauta. Saboda haka ya kafa doka a gidansa cewa kada wanda ya kuskura ya ba ta ko loma ɗaya. Ko ƙanzon tukunya matarsa ta kankare, sai dai a ba akuya.

To, ɓeraye sun ƙare, amma cikin mage bai san an gama aiki ba. Ta zaga gidan, ba komai. Sai ta bi ta rariyar da ruwan sama ke fita a gindin katanga, ta ɓulla gidan Iya. Tana ɗaga kai ta ga abin da ba ta taɓa mafarkinsa ba, tsuntsaye birjik a ƙasa, kowa ya sunkuyar da kai cikin kasko, ga kuma tarin itacen girki a kusa, wurin laɓewa.

Da farko gashin tsuntsu kawai Iya take tsinta idan ta zo shara. Ta zaci shaho ne. Ran nan da idonta ta ga baƙar aba ta yi tsalle daga bayan itace, ta cafke hazbiya, ta shige rariya da ita. Iya ta miƙe, ta je jikin katanga ta ƙwala wa Kefas kira. Ba ta ko gaishe shi ba ta shiga zazzaga masa abin da magensa ta yi.

Kefas ya saurara, sa'an nan ya ce, “Iya, ki yi haƙuri. In kazarki ta taɓa, ki faɗa mini. Amma tsuntsun daji ai ba shi da mai shi.”

Ta ce, “Ba shi da mai shi? Wanda ya halicce shi fa?”

Daga nan magana ta yi tsami. Ta ce ya ɗaure magensa, ya ce ba a ɗaure mage kamar akuya. Ta ce to ita za ta yi maganinta da kanta. Jin haka sai idon Kefas ya rufe, ya ce magen nan ita ce ta tsare abincin 'ya'yansa, duk wanda ya taɓa lafiyarta, ko wane ne, ba shi ba wannan mutum har abada. Kowa a ƙauyen ya san Kefas ba ya faɗa ya janye. Iya ma ta sani.

Sai aka shiga yaƙi, tsohuwa da mage. Iya ta toshe rariya da dutse, mage ta hauro ta saman katanga. Ta jera ƙaya a kan katangar, mage ta zagayo ta ƙofar gida kamar wadda aka gayyata. Wata rana Iya ta auna ta da muciya, mage ta goce, muciya ta sami tulu, ruwan yini guda ya malale a ƙasa. Wata uku ana wannan fama. Gaisuwa tsakanin gidajen biyu ta ragu, daga baya ta mutu. Ranar Lahadi, idan an tashi daga sujada ana shan hannu a bakin majami'a, da Iya ta hango Kefas ya doso sai ɗaurin ɗankwalinta ya kwance, ta tsaya gyarawa har ya wuce.

Akwai wata kurciya da ta yi sheƙa a tsamiyar, har ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu. Iya ta fi son ta a kan sauran, domin ba ta gudunta. Wata safiya kurciyar ta sauko shan ruwa, ba ta koma ba. Kafin kwana biyu 'ya'yan suka mutu a cikin sheƙa. Daga ranar tsuntsaye suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Iya ta cika kasko da safe, yamma ta yi yana nan a cike, sai ganyen tsamiya a kai. Gidan ya yi tsit. Ta zauna a kan turminta ta yi kuka sosai, bayan kukan kuma zuciyarta ta ƙeƙashe.

Ranar kasuwa ta tafi wurin mai sayar da maganin ƙwari ta ce ya ba ta shinkafar ɓera, wato gubar nan da ake barbaɗawa a abinci. Mutumin ya tambaye ta ko ɓeraye ne suka dame ta. Ta ce guda ɗaya ne, amma babba ne. Ta sayi busasshen kifi, ta dawo gida rana tsaka. A hanya ta tuna da maganar Kefas, ta tuna da jinka da kunu, ta kuma san cewa in magen nan ta mutu ba ta da sauran kowa a ƙauyen da zai leƙo ya ga ko ta tashi lafiya. Duk da haka ta ce a ranta, ta faru ta ƙare.

Ta shiga rumfar girki, ta marmasa kifin a wata 'yar ƙwarya, ta cakuɗa shi da gubar. Nufinta ta ajiye a bakin rariya da yamma, bayan kaji sun shiga akurki. Amma yamma da saura, ga kajin suna ta zagaya ƙafarta. Ba tare da wani tunani ba, hannunta ya yi abin da ya saba yi shekara hamsin. Ta ɗaga ƙwaryar ta ɗora a ragaya, igiyar nan da mata ke ratayewa a rufin ɗaki su sa nono ko miya don kada wani abu ya kai gare su. Ta koma gefe ta zauna tana jiran rana ta yi sanyi.

Ƙanshin kifi ya riga ya kai labari. Ba a jima ba sai ga mage ta shigo rumfar, ba ta ko kula da Iya ba. Ta tsaya a ƙarƙashin ragaya ta ɗaga kai. Ta yi tsalle, ba ta kai ba. Ta hau kan murhu ta sake gwadawa, ta faɗo. Ta kama ginshiƙin rumfa ta hau, ta miƙa hannu, ragaya tana lilo can tsakiya, ba ta isa ba. Ta sauko ta zauna tana wani siririn kuka.

Wata uku Iya tana yaƙi da dabbar nan, amma ba ta taɓa ganinta kusa haka ba, kullum sai dai wulgawarta. Yau ta gan ta da kyau. Haƙarƙarinta duk a waje, ana iya ƙirga su, ciki ya manne da baya, gashin wuyan ya zube. Iya ta san yunwa, ta taɓa goyon yaro a shekarar da hatsi bai yi ba. Tausayi ya kama ta, ba ta so ba.

Sa'an nan ta dubi ragayar, ta leƙa waje ta dubi kaskon da ke ƙasa a gindin tsamiya, dab da tarin itace. Ta daɗe tana duban su biyun. Ƙwaryar nononta ba ta taɓa barin ta a ƙasa ba ko sau ɗaya, domin ta san halin mage. Ga shi yau guba ma ta sami ragaya. Amma baƙin Ubangiji, waɗanda take cewa tana ƙauna, ita da hannunta take tara su kullum a ƙasa, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kansu a sunkuye. In ɓera da sata, ai daddawa ma da wari. Kunya ta rufe ta, ta rufe fuska da zane ta ce, “Ya Ubangiji, ka gafarta mini. Ashe ni ce nake yi mata shimfiɗa.”

Ta tashi ta sauke ƙwaryar, ta kai ta masai ta jefa, da ita da sauran gubar. Ta wanke hannu da toka. Ta kwance ragayar ta wanke, ta ɗebo sauran tuwon jiya da miya ta ajiye wa magen. Magen ta cinye tas, ta lashe kwanon har yana tafiya. Daga nan Iya ta ɗauki ragaya a hannu, ta fita ta zagaya, ta yi sallama a ƙofar gidan Kefas.

Ta same shi yana gyaran ƙotar fartanya. Ya yi mamakin ganinta, ya miƙe ya ba ta kujera. Ba ta yi wani kwana-kwana ba, ta faɗa masa duk abin da ta saya a kasuwa, da abin da ta yi niyya, da inda gubar take yanzu. Fuskar Kefas ta canja, ya buɗe baki zai yi magana, sai ta riga shi.

“Kefas, ɗana, na yi maka laifi a zuciyata kafin in yi da hannuna. Ka yafe mini. Zuwa na yi ka hau mini tsamiya.”

Da faɗa ta zo da shi, da Kefas ya san abin da zai yi, domin a nan ya ƙware. Amma tsohuwa sa'ar uwarsa ta zauna a gabansa tana neman gafara, wannan bai san ta inda zai kama shi ba. Ya durƙusa ya ce shi ne ya kamata ya nemi gafara, domin ya ɗaga mata murya a kan dabba. Ya karɓi ragayar ya bi ta a baya.

Iya ta nuna masa wani dogon reshe siriri da ya miƙe nesa da katanga, nesa da gangar jikin itacen. Ya hau ya zarga doguwar igiya a can ƙarshensa, yadda za a iya saukewa a cika a kuma ja ta koma sama. Suka sa faffaɗar ƙwarya a cikin ragayar, suka zuba ruwa, suka ja ta har ta fi tsayin mutum. Tarin itacen ma Kefas ya kwashe shi ya mayar bayan ɗaki.

Da ya sauko yana share gumi, sai Iya ta kawo maganar yunwa. Nan fa taurin kai ya motsa. Kefas ya ce ko kakansa bai taɓa ciyar da mage ba, in ta ƙoshi barci za ta yi, ɓeraye su dawo su yi biki. Iya ba ta yi gardama ba. Ta ce ya ba ta wata ɗaya tak, daga tukunyarta za ta riƙa ciyar da ita, a gindin rumbunsa za a ajiye abincin, da hantsi, daidai lokacin da tsuntsaye ke sauka. In ɓera ya dawo, ta daina. Kefas ya yarda, amma a fuskarsa an ga jira yake ranar da zai ce ai ya faɗa.

Ranar ba ta zo ba. Magen ta murmure, gashinta ya yi sheƙi. Da yake a gindin rumbu take samun abinci, can ta mai da wurin zamanta, ta rage yawon gidajen mutane. Ɓeran da duk ya yi gangancin zuwa kuwa, ko da cikinta a cike yake ba ta ƙyale shi, sai ta kashe shi ta kawo ƙofar ɗakin Kefas ta ajiye. Safiya uku a jere yana fitowa yana cin karo da wannan kyauta. A ta huɗu ya kira matarsa ya ce daga yau a riƙa ba magen ƙanzo da romo, kada a bar wa Iya nauyin. Bai ce kakansa ya yi kuskure ba, mu ma ba za mu matsa masa ba.

Tsuntsaye kuwa sun ɗan ja aji. Kwana biyar ƙwarya tana lilo ba mai sha. A rana ta shida wata 'yar tsada ta sauka a bakinta, ta sha, ta tashi. Wa ya san abin da ta je ta faɗa? Kafin sati ya zagayo, reshen nan har lanƙwasa yake yi. Kurciyoyi suka dawo, hazbiya ta dawo, har da waɗansu masu launi da Iya ba ta taɓa gani a gidanta ba. Kada ku zaci magen ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. Halinta yana nan. Wani lokaci takan zo ta zauna a ƙarƙashin ƙwaryar ta ɗaga kai tana kaɗa wutsiya, tsuntsaye arba'in suna wanka a bisa kanta, ruwa yana ɗiga mata a hanci, ba yadda ta iya. Iya ta yi dariya har da hawaye, ta kira Kefas da matarsa su zo su gani. Matan ƙauyen da suka ga abin suka kwaikwaya, bazarar da ta biyo baya da wuya ka shiga gida mai itace ba ka ga ragaya tana lilo ba. Ranar Lahadi kuma ɗankwalin Iya ya daina kwancewa.

Yanzu, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan.

Iya Afiniki ba muguwa ba ce. Ƙauna ce ta sa ta fara ɗebo ruwa, ƙaunar ce kuma ta sa ta fushi. Amma ku lura da abin da fushi ya yi mata. Da farko tambayarta ita ce, yaya zan cece tsuntsayen nan? Ba ta ankara ba Shaiɗan ya musanya mata tambayar, ta koma, yaya zan ga bayan magen nan? Wata uku tana neman amsar tambaya ta biyu, da dutse da ƙaya da muciya, har ta kai ga guba, alhali amsar ta fari tana rataye a rumfar girkinta. Haka yake yi da mu. Akuyar maƙwabci ta ci maka shuka, ko ɗansa ya doki naka, ko wata ta faɗi magana a kanki a zumuntar mata. Kwana biyu kana tunanin gyara, daga nan ka manta da shukar, ka manta da yaron, abin da ya rage a ranka shi ne yadda za ka nuna wa wane iyakarsa.

Kaskon da ke ƙasa shi ne namu rabon laifin, wanda ba mu gani saboda niyyarmu mai kyau ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kefas ma da nasa, ya riƙe abin da ya gada bai taɓa gwada shi ba, yana yabon dabba da baki yana kashe ta da yunwa. Da yawa daga cikin masu cutar da mu haka suke, in ka dube su kusa za ka ga haƙarƙari. Wani yunwar abinci ce, wani ta girmamawa, wani kuwa ba wanda ya taɓa yi masa magana mai daɗi. Wannan bai mai da ɓarnarsu daidai ba. Kurciyar ta mutu, ba ta dawo ba. Amma Maganar Allah ta koya mana cewa ba a kashe mugunta da mugunta, da alheri ake cin ta, har maƙiyi ma in yana jin yunwa a ba shi abinci.

Wa ya ci nasara a faɗan nan? Da Iya ta ajiye gubar, da ta kwana da gawar mage, ba tsuntsu, ba ɗa, ba salama da Allah. Da ta sunkuyar da kai ta fara neman gafara, ita da take babba, sai ta sami tsuntsayenta, ta sami ɗanta, magen ma ta rayu. Irin nasarar da Ubangijinmu Yesu ya ci a kanmu ke nan. Muna maƙiyansa ya zo ƙofarmu, bai jira mu je tasa ba.

Na san a cikinku akwai wanda ya riga ya je kasuwa. Gubar tana nan a ƙulle cikin zuciyarka, wata magana ce da ka tanada, ko wani sharri da ka shirya, kana jiran yamma ta yi. Yamma ba ta yi ba tukuna. Je ka zubar da ita yau, ka wanke hannunka, ka tafi gidan mutumin nan tun da sauran rana.